Godiya ga duk wanda ya sa hannu a labarin nan

Assalamu alaikum ƴan uwa. Alhamdulillahi, mujallar nan ta waje da na ishe ku da zancenta ta buga labarina na sassabin zamani, wato raya itatuwa daga kututture a gona, kuɗin ma sun shigo ran Talata, na ce bari in yi godiya tun masu bina bashi ba su ji ba.

Wata tara ina tura rubutu shiru kake ji, don ni a da sai in zauna in rubuta shafi bakwai cur in aika, ko sunan edita ban sani ba. Tsohon malamina na lise ne ya tsayar da ni, ya ce kai yaro ko mai ƙuli-ƙuli a kasuwar Maradi ɗanɗano yake fara ba ka, ba ya juye maka tire a riga. Ya sa na nemo tsofaffin fitowar mujallar na karanta, na gano wa ke riƙe da shafin muhalli, sannan muka rubuta ƴar wasiƙa sakin layi uku kacal: mene ne labarin, me ya sa yanzu, me ya sa ni. Malam, Allah ya saka da alheri ya ƙara lafiya.

Da farko Tony Rinaudo na so in sa gaba, mutumin Ostireliya da ya fara aikin raya kututture a yankinmu na Maradi a 1983, wanda ya samu kyautar girmamawa ta duniya mai suna Right Livelihood a 2018. Edita ta amsa bayan sati biyu, ta ce wannan an sha rubutawa, hekta miliyan 5 ɗin da aka raya itatuwansu a Nijar ma kowa ya ji, ita manoman take so. Wallahi na ji haushi ranar, amma gaskiya ta faɗa.

To nan fa Kawu ya shigo, shi ya goya ni a babur har Dan Saga can ƙasar Agye, ya haɗa ni da wani dattijo da ya zaunar da ni ƙarƙashin gawo yana nuna min yadda ake zaɓar tsiro mai ƙarfi a kututture a sassabe sauran, da yadda kwamitin gari ke tsaron itatuwa. Baba na gode, rabin labarin bakinka ne. Da Inna da ta cika mu da fura, har yau ina santi.

Yayata ta ba ni aron kwamfuta, kuran ya ɗauke na ƙarasa gyara na uku a salula, kalma 1500 aka ce kuma sai da aka yanke wurin da na fi so. Abokina mai karatun shari'a ya duba min takardar yarjejeniya, shi ya hango cewa sai an buga ake biya, ya hana ni cin bashi a kai, ban dai ji maganarsa duka ba.

Juma'a mai zuwa in Allah ya yarda zan koma Dan Saga in karanta wa Baba labarin da Hausa, don ya ce sai ya ji ko na ƙara masa gishiri.