Tarihin Rayuwata a Aikin Manhaja, Kashi na 9: Minti 45 a Gaban Mai Tambaya

Makon jiya mun tsaya a kan saƙon ban haƙuri da ke zuwa bayan intabiyu. Yau zan ajiye labari gefe, mu shiga cikin intabiyun kanta, domin a nan ne na ga masu iya aiki suna faɗuwa, kuma abin yana damuna.

Matakan farko ba su da tsawo. Mai ɗaukar ma'aikata zai kira ka na kusan rabin awa, sai a turo maka jarabawa a HackerRank ko Codility, shafukan gwajin rubuta manhaja. Gumin yana mataki na uku, inda injiniya zai zauna yana kallon duk abin da kake rubutawa na minti 45.

A ce ya ba ka lambobi 3, 8, 4, 11, ya ce nemo biyu da idan an haɗa su za su ba da 12. Kada ka taɓa madannai tukuna. Minti biyar na farko na tambaya ne: jerin zai iya zuwa babu komai? Lamba tana maimaituwa? Akwai na ƙasa da sifiri? Sannan ka faɗi hanya mai sauƙi da bakinka, wato gwada kowace lamba da sauran. Tana aiki, amma idan lambobin sun kai 100,000, gwajin zai kai kusan biliyan 5. Ka faɗi wannan aibin kafin shi ya faɗa.

Gyaran shi ne ka bi jerin sau ɗaya kana ajiye abin da ka gani a ƙamus irin na yaren manhaja Python, wato ma'ajiyar da ake gano abu a cikinta nan take. Ka zo kan 3, kana neman 9, babu, ka ajiye. Ka zo kan 8, kana neman 4, babu, ka ajiye. Ka zo kan 4, ga 8 tana jira. Tarkon yana nan: idan ka ajiye lamba kafin ka duba, in akwai 6 guda ɗaya a jerin, za ta haɗu da kanta ta ba ka 12 na ƙarya. Saboda haka ka bar minti goma na ƙarshe ka bi rubutunka layi bayan layi da ƙaramin misali.

Shiru ya fi kuskure illa. Mai tambaya zai rubuta rahoto a kanka, kuma abin da ya ji kawai zai iya rubutawa. In ka maƙale, ka ce ga inda ka maƙale, sau da yawa zai ɗan haska maka hanya.

In an ce ba a ɗauke ka ba, kada ka yanke wa kanka hukunci. A Nuwamba 2022 Meta, kamfanin Facebook, ta sallami ma'aikata kusan 11,000, a Janairu 2023 Google ta sallami kusan 12,000, ƙwararru da yawa suka dawo layin neman aiki. Abin yi shi ne ka rubuta tambayar da inda ka kasa tun ranar intabiyun, kafin ka manta. Bayan kwana uku ka sake warware ta da agogo, ba tare da leƙa amsa ba. Manyan kamfanoni kan sa a jira wata shida zuwa shekara kafin a sake nema, don haka ka tambayi mai ɗaukar ma'aikatan ranar da za ka iya sake nema, ka rubuta ta.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga intabiyun tsara babbar manhaja.