Matatar da na cire da hannuna

Har yau idan na buɗe famfon tirelata ta zango, wato ɗan ɗakin kwana da ake ja da mota, sai na sunsuna ruwan kafin in wanke ko da cokali ne. Abin da ya jawo haka bai fi aikin minti ashirin ba, kuma ba wanda ya sa ni.

Tankin tirelar lita 100 yake ci, kilo 100 ke nan idan ya cika. Na ga ba dalilin jan wannan nauyi a doguwar hanya tunda inda za mu sauka akwai rafi. Ni da ƙanena muka ɗauki ƙaramin injin jan ruwa mai aiki da batirin bolt 12, da tiyo, da matatun ruwa biyu a jere: mai ramuka masu faɗin maikiron 20 a gaba, mai 5 a bayanta (maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Haɗa su bai ba ni wahala ba. Na riga na san irin wannan inji turawa ya fi iyawa, zuƙowa daga nesa kan ba shi wuya, don haka na ajiye shi daf da bakin ruwa, dogon tiyon kuma ya hau zuwa tanki.

Bakin tiyon da ke zuƙa kuwa jefa shi kawai na yi cikin rafin. Ya nutse, ya kwanta a ƙasa, ban ko kula ba. Tanki bai kai kwata ba ruwa ya koma ɗiga, inji yana ta gurnani. Matatar ta toshe. Ga rana tana shirin faɗuwa, ga shi ban zo da wata ba. Na leƙa rafin, ruwa garau, har tsakuwar ƙasa kana ƙirgawa. Sai na kwance matatun biyu, na haɗa tiyo kai tsaye.

Ƙanena ya ce, "Yaya, anya kuwa? A bar shi ya cika a hankali mana."

Na ce masa, "Kai dai riƙe tiyo. Ba ka ga ruwan ba ne?"

Cikin minti ashirin tanki ya cika, ina ta jin kaina gwani. Abin da ya fi ba ni haushi idan na tuna shi ne tambaya ɗaya da ban yi wa kaina ba: in ruwan nan garau ne, to me ya toshe matatar? Amsar tana hannuna, na riƙe ta ta yi jawur da laka, na ajiye ta a gefe.

Washegari famfo ya fara tsartuwa yana yankewa. Na buɗe 'yar rariyar da ke gaban injin cikin tirela mai tura ruwa zuwa famfo, na same ta cunkushe da lallausan yashi. Na wanke, kafin yamma ta sake cika. A rana ta uku, da zafi ya bugi tanki, wani wari ya fara tashi kamar na tsohon kududdufi. Ruwa dai ba ya tsami banza. Laka da ruɓaɓɓen ganyen da na zuƙo daga ƙasan rafin ne suka kwanta a gindin tanki suna aikinsu.

Abin da ya cece mu daga ciwon ciki shi ne ruwan sha tafasa shi muke yi tun ranar farko, kuma wannan ma nacin ƙanena ne. Ko da matatun suna nan ba su isa a sha ruwan ba. Aikinsu tare datti. Ƙwayar kiriftosforidiyam, mai jawo gudawa, girmanta maikiron 4 zuwa 6 ne, tana iya silalewa ta matata mai 5, kuma kilorin ba ya kashe ta da sauƙi. Sai matata mai maikiron 1, ita ma ba ta tare ƙwayoyin bairos. Tafasawa ce ke gamawa da su duka: minti 1 yana ɓararraka, ko minti 3 in kana kan tudun da ya haura mita 2,000.

Wanke tankin ne ya ci mini kwana biyu cur bayan mun dawo. Ramin zubar da ruwan nawa tankin bai kai can gindi ba, saboda haka ruwa ya fita, laka ta zauna. Sai in cika rabi, in ja tirela in zagaya don ya girgiza, in zubar, in sake. Na daina ƙirge a karo na shida. Tukunyar ɗumama ruwa ma ta sha nata rabon, ita ma sai da na kwance na ɗauraye. Daga nan na zuba bilic marar ƙamshi, wato ruwan wanki mai kilorin, kimanin mililita 100 a cikakken tanki, na buɗe kowane famfo har warinsa ya fito, na bar shi awa 4 kafin in zubar in ɗauraye. A nan ma na kusa yin wani shirmen, don na manta matatar gawayin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ita kuwa shanye kilorin take yi. Dole a cire ta tukuna.

Yanzu bakin tiyo ba ya taɓa ƙasa. Na sa masa rariya, ina ɗaure shi a jikin jarka mara komai, ya rataya kamar taƙi ɗaya ƙarƙashin ruwa, a wurin da ruwan ke gudu. In an yi ruwan sama rafi ya gurɓace, sai in tara a bokiti ya kwanta, in ja na saman. Ina takawa sama da rafin in ga ko akwai mushe ko mashayar dabbobi. Ruwan da ya tsaya ya yi kore shar da gansakuka kuwa ba na kusantarsa, don wani irinsa yana da dafin da tafasawa ba ta cirewa. Matatu huɗu nake tafiya da su, in ɗaya ta toshe in sa wata.

Tafiya uku muka yi tun daga lokacin, amma duk sanda na buɗe 'yar rariyar nan sai na ga ɗan yashin rafin. Ƙanena kuwa ko kofi zan miƙa masa sai ya ɗaga shi sama ya ce, "Yaya, ba ka ga ruwan ba ne?"