Ranar da Inna ta samu kujerarta ita kaɗai

Talata, bayan isha'i. Yanzu na shimfiɗa wa Inna tabarma ta kwanta, ni kuwa ƙafafuna sai zugi suke, amma ina so in rubuta abin yau tun bai dushe mani ba.

Yau ce ranar da likitan ido ya ba ta a Katsina. Tun da asuba muka fito daga ƙauye. Daga ƙofar gidanmu zuwa bakin kwalta burji ne da yashi, ba motar da ke shiga sai ranar kasuwa, don haka ɗan acaba na kira tun jiya. Ni a baya, Inna a tsakiya, na rungume ta da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe ledar takardunta. Sanyin kaka ya fara sauka. Sau biyu babur ya nutse cikin rairayi muka sauka muka taka. Tsohuwar da ido ɗaya ke gani, shi ma dishi-dishi. Ba ta ce komai ba, salati kawai take yi.

A Daura muka nufi inda motocin bas na KTSTA, hukumar sufuri ta jihar Katsina, ke lodi. Rabona da kai ta Katsina tun bara, kuma wancan karon a Golf muka tafi: mutum huɗu a baya, biyu a gaba, buhun wake a bayan wuyanmu. Mun yi fiye da awa biyu muna jiran mutum ɗaya ya cike mota, ɗan kamasho yana ta cewa saura ƙiris. Da muka isa an gama karɓar kati. Kwana uku Inna ta yi tana ciwon ƙugu. Ban ga laifin direbobin nan sosai ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, shi ma mai mota iyali gare shi. Sai dai talaka ne ke biyan kuɗin da jikinsa.

Yau kuwa tikiti na yanka, aka rubuta sunayenmu, kuɗin bai kai abin da na ƙulle a bakin zane ba. Wani dattijo da ya riga mu shiga ya tashi daga kujerar kusa da ƙofa ya ce, "Hajiya, zauna nan, kin fi ni buƙata." Na ce, "Baba, Allah ya saka da alheri." Inna ta zauna, ta shafa kujerar hagu da dama, ta juyo ta ce mani a hankali, "Ɗiyata, wa za a ƙaro nan?" Na ce ba kowa, taki ce ke kaɗai. Sai ta miƙe ƙafa ta gyara lulluɓi. Wallahi sai da na kau da kai, don idona ya cika.

Wajen kilomita 80 ne zuwa Katsina. Muka wuce Shargalle, muka wuce Mashi, dammunan gero jingine a gonaki. Wasu samari a baya suna ta gardama a kan layin dogon Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa ta Daura, wanda aka aza harsashinsa a 2021, ɗaya ya ce idan jirgi ya fara aiki an gama da mota. Ni dai a raina na ce Allah ya nuna mana, amma jirgi ba zai zo ƙofar gidan Inna ba.

Kafin ƙarfe tara muna asibiti. Aka duba ta, aka ɗiga magani, aka sa ranar cire yanar ido. Na saya mata ƙosai da kunu, muka hau kurkura zuwa tasha, la'asar ta yi mana a Daura.

Daga nan wahalar safe ta dawo sabuwa. 'Yan acaba sun ga tsohuwa, sun ga rana ta yi sanyi, kuɗi ya tashi. Abin da na biya babur zuwa da dawowa ya kusa kamo kuɗin bas ɗin mutum ɗaya har Katsina ya dawo. A bakin kwalta na tarar da wata mai tsohon ciki daga ƙauyen gaba da namu, tana zaune kan dutse tana jiran wanda zai rage mata hanya.

Da ana samun ƙaramar mota ko da ɗaya ce, ta riƙa zagaya ƙauyukanmu da safe ta dawo da yamma, a san lokacinta kamar yadda aka san lokacin sallah, da mata da yawa ba su fasa zuwa awo ba. Gobe zan je wajen mai unguwa in roƙe shi ya tara mutane a rubuta takarda, ni zan rubuta da hannuna in ya yarda.

Inna ta kira ni yanzu daga ɗaki, tana tambaya ko ranar aikin ma waccan motar za mu shiga.