Gishirin nikotin da ya ci mini wata biyu

A shekarar farko ta digirina na biyu aka ba ni aikin da kowa ke cewa ba wuya: in yi wa ɓeraye allurar nikotin, sinadarin da ke cikin taba, in ga ko za su fi tuna inda suka sha wuya. Ana sa ɓera a akwati mai daɓen sandunan ƙarfe, a kunna masa sauti, sai a ɗan ja masa lantarki a ƙafa na daƙiƙa biyu. Washegari a mayar da shi, ba sauti ba lantarki. In ya tuna wurin sai ya sandare, ba abin da ke motsi sai haƙarƙarinsa. Ni kuma ina gefe da agogo ina ƙirgawa.

Wata biyu ina wannan, ɓerayen nikotin da waɗanda na yi wa allurar ruwan gishiri kawai don kwatance duk ɗaya. Har na fara zargin takardun da na karanta.

Wata babbar ɗaliba ce ta ɗauki kwalbar garin nikotin ɗin ta juya ta. "Ƙanena, wannan ai gishirin tartaret ne. Ka cire nauyinsa?" Ban cire ba. Kusan kashi 35 cikin ɗari na garin ne kawai nikotin, sauran nauyin na sinadarin da aka haɗa shi da shi ne. Ina lissafin miligiram 0.09 kan kowane kilo na nauyin ɓera, amma kashi ɗaya bisa uku nake ba su. Ga shi kuma nakan yi jinkiri bayan allura, alhali cikin minti bakwai rabin nikotin ya bar jinin ɓera. A mutum sai kusan awa biyu.

Da na gyara, sai suka riƙa sandarewa sosai a akwatin, amma da aka gwada su da sautin daban, tsoronsa bai ƙaru ba. Tuna wuri aikin hipokamfas ne, wani sashe na ƙwaƙwalwa, kuma can nikotin ke hawa makarɓai, wato wuraren karɓar saƙo a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, da asalinsu na asetilkolin ne, wani sinadarin isar da saƙo a ƙwaƙwalwa, musamman masu wani ɓangare da ake kira beta-2. Tun 1995 Marina Picciotto da Jean-Pierre Changeux a Cibiyar Pasteur ta Faransa suka nuna ɓerayen da aka cire wa beta-2 nikotin ba ya ƙara musu koyo.

Wani abokina mashayin taba ya ji labarin, ya ce to ai shi ke nan, sigari magani ne. Sai na kai shi ga rukuni na biyu, waɗanda suka yi kwana 12 da ƙaramin famfon nikotin a ƙarƙashin fata. Ribar ta ɓace. Da aka cire famfon kuwa, washegari koyonsu ya faɗi ƙasa da na waɗanda ba su taɓa ɗanɗanawa ba. Abokin nawa ya daɗe yana kallon wani ɓera da ke shinshinar daɓen da aka ja masa wuta jiya, ɓeran hankalinsa kwance.