Asabar, ranar da na buɗe akwatin Baba

Har yanzu hannuna warin tsohon kwali yake yi, bayana kuma ya riƙe saboda tsugunno, amma ba zan kwanta ba sai na rubuta abin da ya faru yau.

Da safe na ja durowar ɗakin baya don in share ƙarƙashinta, sai na ga bango ya jiƙe tun daga ƙasa har kusan gwiwa. Gabana ya faɗi, domin a wannan lungun akwatin faya-fayan Baba yake, Allah ya jiƙansa, shekara shida ke nan. Ni a zatona adana su na yi. Na rufe, na sa kwaɗo, na hana yara zuwa wurin, ni ma ban sake leƙawa ba saboda ganin kayan yana tayar mini da kewa.

Da na ɗaga murfin, wari ne ya fara tarbata. Faifan garmaho 41, kaset 63, faifan CD kusan 30. Fumfuna ta yi fari-fari a kan kwalayen, wasu sun manne da juna. Na ɗaura takunkumi a hanci, na kwashe komai zuwa inuwa inda iska ke kaɗawa.

Babban kuskurena shi ne kwantar da faya-fayan da na yi, wani kan wani. Faifan garmaho a tsaye ake jera shi kamar littattafai, ba a matse ba, ba kuma a jingine ba. Nauyi da zafi in suka haɗu a kansa, sai ya ba da kai. Guda huɗu sun lanƙwashe. Na ɗora ɗaya a kan tebur, na danna wannan gefe, wancan ya ɗaga. Na daɗe ina kallonsa, don na tuna yadda Baba yake riƙe shi da tafin hannu biyu ta baki-baki, ba ya yarda yatsa ya taɓa tsakiya.

Na wanke masu fumfunar da tataccen ruwa wanda aka cire wa duk wani ma'adini, da ɗigon sabulun ruwa da tsumma mai laushi. Ana bin layukan ne a kewaye, yadda allura take bi, kuma ba a bari ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Na jera su a tsaye su sha iska.

Akwai guda bakwai da suka bambanta, masu nauyi da tauri, an rubuta 78 a jikinsu, wato juyi 78 suke yi a minti ɗaya. Dattinsu ya ƙi fita, har na ɗauko kwalbar sipirit, sai wata zuciyar ta ce in fara kiran Yaya, tunda shi ya fi zama kusa da Baba in ana kunna garmaho. Bayan mun gaisa na faɗa masa.

"Kul! Kada ka kuskura," in ji shi. "Ajiye kwalbar nan tukuna, sannan mu yi magana."

"Na ajiye, Yaya."

Ya ce waɗannan ba roba ba ce, da wani irin ƙaro ake yin su wanda wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, kuma sipirit narkar da shi yake yi. Irinsu ne ake yi tun kafin 1948, shekarar da kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai juyi 33 da sulusi a minti ɗaya. Na da ɗin minti uku da 'yan kai yake ɗauka a kowane gefe, sabon kuwa ya haura minti ashirin. Ya ƙara da cewa in ɗaya ya suɓuce mini, tarwatsewa zai yi kamar tangaran. Sai da na zauna a ƙasa kafin na ci gaba da taɓa su.

Faifan CD bai ɗauke ni lokaci ba. Na ɗauka su ne za su fi tsira, tunda sai 1982 Sony da Philips suka fito da su, amma da na ɗaga biyu ga haske sai na ga 'yan ɗigo-ɗigo inda haske ke ratsawa. Shafen alminiyon da ke cikinsu ya ci. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukansa roba ce ta ƙasa, waƙar kuwa tana dab da ɓangaren da ake rubutu. Karce a saman ya fi na ƙasan illa. Su daga tsakiya zuwa baki ake gogewa, saɓanin na garmaho.

Sai kaset. A nan ne yinin ya tsaya mini. Cikinsu akwai wani C90, wato mai ɗaukar minti 90, da Baba ya rubuta wa "Gida, 1987" da hannunsa. Duk sauran kayan akwatin, in mutum ya dage da nema, zai iya samun irinsu a wani wuri. Wannan kuwa babu na biyunsa a duniya.

Ban yi gaggawar sa shi a rikoda ba. Da na duba, ɗan soson nan da ke tokare zaren ta baya ya faɗo yana yawo a ciki, ga ɗaya daga cikin ƙafafun da zaren ke nannaɗuwa a kansu ta cije. Allah ya taimake ni gidan mai noti biyar ne, ba irin wanda aka liƙe ba. Na kwance shi, na kwance wani kaset mai lafiya da ba na buƙata, don in mai da zaren can. Faɗin zaren bai kai milimita huɗu ba, yatsuna sun yi masa kauri, hannuna kuma yana rawa. 'Yata ce, mai shekara tara, da ta yini tana leƙe, ta ce, "Abba, kawo in riƙe maka." Ita ta bi da shi ta bayan 'yan ƙananan tayoyin nan na kusurwa, tana cije leɓe. Na ɗaure, na zura fensir na juya a hankali har ya miƙe.

Rikodar ma ba a yarda da ita haka nan. Na goge kan da ke karanta zaren da 'yar tayar roba da auduga da sipirit, a nan ne kwalbar ta yi rana. Na gwada da wani kaset na daban, nan take ta tauna shi. Na sake gogewa har auduga ta daina fitowa ja, na sake gwadawa, ta wuce lafiya. Sai da na jona ta da kwamfuta, na fara naɗa, sannan na danna. Ban san ko zaren zai jure bi na biyu ba.

Da farko shuuu kawai. Sai wata 'yar murya can ƙasa-ƙasa, kamar amsa-kuwwa ta riga mai magana. Haka zare yake yi in ya daɗe a nannaɗe, maganaɗisun wani layi yana shafar na kusa da shi. Sannan tari, sannan Baba: "Ya fara ɗauka kuwa?" Wani ya yi dariya, aka soma kiɗa, ya ɗauki waƙa.

'Yata ta dube ni ta ce, "Abba, Kaka ne?" Na kasa amsawa, kai kawai na gyaɗa. Tana da shekara uku ya rasu, ba ta riƙe muryarsa ba. Mun zauna minti 45 ba wanda ya motsa, na juya, muka ji ɗaya gefen.

Na ajiye naɗin yadda ya fito, ban matse shi ya koma MP3 ba, na kuma kwafa shi wuri uku. Kaset ɗin na ɓalle masa 'yan haƙoran sama don kada wani ya naɗi abu a kai bisa kuskure, na sa shi a sabon gida.

Da yamma na share kantar da ke jikin bangon ciki, nesa da taga, nesa da lasifika saboda maganaɗisu, sama da ƙasa sosai. Na jefa 'yan ƙullin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabbin kaya. Ina so in sayi ma'aunin danshi, don an fi so ya tsaya tsakanin kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, da sabbin rigunan ciki na faya-fayan, tunda na takardar sun ruɓe. Akwatin kuwa na fitar da shi waje.

Saura kaset kusan 60 ban saurara ba, wasu ko rubutu babu a jikinsu. Gobe in Allah ya kai mu zan fara da waɗannan.

Na tura wa Yaya naɗin tun ƙarfe tara. Alama ta nuna ya buɗe, har yanzu bai ce komai ba.