Yashin da ya ƙara nauyi

Giram 5 na yashi gauraye da gishiri na ba wata ɗalibata ta raba, wato ta narkar da gishirin a ruwa, ta tace yashin, ta ƙafar da ruwan a kasko, sai ga jimillar su biyun ta kai giram 5.4. A ƙasan rahoton ta rubuta "kuskuren ɗan Adam". Wannan kalmar tana damuna ƙwarai, domin rufe matsala take yi ba tare da an san inda ta faru ba.

Na ce ta kawo yashin mu gani. Da na taɓa shi da tsinken gilashi sai ya dunƙule maimakon ya warwatse. Bai bushe ba, ruwa ne ya maƙale tsakanin ƙwayoyinsa, sikeli kuwa bai san bambancin ruwa da yashi ba. Dole a gasa, a bari ya huce, a auna, a sake gasawa a sake aunawa, har nauyin ya tsaya cak. Hucewar ma ba ɓata lokaci ba ce: kasko mai zafi yana ɗumama iskar da ke kewaye da shi ta yi sama, sai sikeli ya nuna ƙasa da gaskiya.

Gishiri kuma tserewa yake yi. Idan ruwan ya kusa ƙafewa za ka ji tas-tas, yana tsalle daga kasko. Duba teburin, waɗannan fararen ɗigon duk sakamakonka ne. A nan ake rage wuta, ko a ƙarasa a kan tururi.

Amma wanda ya fi tsorata ni shi ne kuskuren da ba ya nuna kansa. In ba a ɗauraye yashin da ke kan takardar tacewa da tataccen ruwa sau biyu ko uku ba, ruwan gishiri zai bushe a jikinsa. Yashi ya ƙaru, gishiri ya ragu daidai gwargwado, jimilla ta fito lafiya lau, ɗalibi ya tafi da murna alhali lambobin biyu duk ba daidai ba ne. Kuma ba sai an kwarara ruwa ba, tunda mililita 100 na narkar da kusan giram 36 na gishiri. Kaɗan-kaɗan ya isa.

Washegari ɗalibar ta sake gwajin ta samu giram 4.9, ta nuna mini ƙwayoyin yashin da suka manne a takardar tacewa, ta rubuta su a rahotonta.