Inda sabis yake ƙarewa

A gabashin ƙauyenmu da ke ƙasar Gumel akwai wani ɗan tudu kusa da wata tsohuwar kuka, kuma duk wanda ya zo wurin bayan sallar la'asar zai tarar da mutane a tsaitsaye, kowa da waya a hannu, wani ya ɗaga tasa sama, wani ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana ɗaga murya. A nan ne sabis yake kamawa sosai. A cikin gida kuwa, mahaifiyata ta kafa ƙusa a jikin tagar ɗakinta, ta rataye ƙaramar wayarta a cikin 'yar jakar leda, domin ta gano cewa a daidai wurin ne kawai kiran ƙanena da ke Kano yake shigowa ba tare da ya yanke ba. Duk lokacin da na karanta labarin sabbin fasahohin sadarwa, da wannan ƙusa nake auna su, ina tambayar kaina ko abin da ake yayatawa zai sa ta sauke wayar ta zauna a tabarma ta yi magana da ɗanta cikin natsuwa.

Ba na raina nisan da aka yi. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, kuma a watan Agustan wannan shekarar MTN da Econet suka fara aiki. A lokacin layi sai mai hali, kuma ko daƙiƙa biyar mutum ya yi yana magana kuɗin minti guda cur za a cire masa, har sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sauran suka bi sahu. Econet ɗin nan ita ce ta yi ta sauya suna, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, kafin ta zama Airtel a 2010. Yau makiyayi a bayan shanunsa yana da layi biyu a aljihu.

Abin da aka fi ambata a 'yan shekarun nan shi ne 5G, wato sabon tsarin sadarwar waya mai saurin intanet wanda ya biyo bayan 4G. A watan Disambar 2021 aka yi gwanjon zangon igiyar rediyo da ake kira gigahaz 3.5, inda MTN da Mafab suka yi nasara a kan dala miliyan 273.6 kowannensu, kuma a 2022 MTN ta kunna shi a birane bakwai, ciki har da Kano da Maiduguri, sannan Airtel ta biyo baya a 2023. Gudunsa ba ƙarya ba ne, na gani da idona a wayar wani abokina a birnin Kano. Sai dai akwai wata gaskiya game da igiyoyin rediyo wadda masu talla ba su cika faɗa ba: gwargwadon hawan zango, gwargwadon yawan bayanan da zai ɗauka, amma kuma gwargwadon gajartar tafiyarsa da raunin ratsa bango. Kamar tambari ne da sarewa; sarewa ta fi iya sarrafa sauti, amma tambari ake ji daga wani gari. Saboda haka 5G irin na birni yana bukatar turaku, wato dogayen ƙarafan da ke watsa sabis, kusa da kusa, kuma babu kamfanin da zai jera turaku a tsakanin gonakin gero da riɗi domin gidaje arba'in. Abin da karkara take bukata shi ne 4G a kan ƙananan zanguna irin su megahaz 700 da 800, waɗanda turke guda yake iya watsawa zuwa ƙauyuka da dama. Wannan ba ya samun kanun labarai, amma a ganina shi ne ci gaban da zai fi taɓa rayuwar mutanen Jigawa.

Ko an kafa turke, sai ya ci wuta dare da rana. Yawancin turakun ƙasar nan ba na kamfanonin waya ba ne kai tsaye, haya suke yi daga kamfanonin turaku irin su IHS, kuma da yawa daga cikinsu da janareta mai shan man gas suke rayuwa saboda wutar gwamnati ba ta isa ba ko kuma babu ita sam. Turken da ya fi kusa da mu yana wani gari mai tafiyar kusan rabin sa'a a babur. A daminar da ta wuce, da ruwa ya cinye wani yanki na hanya, motar da ke kawo masa mai ta kasa wucewa, muka yi kwana uku babu sabis, kuma a cikin kwanakin nan ne naƙuda ta kama matar maƙwabcinmu da dare, sai da yaro ya hau keke cikin duhu ya je ya taso mai mota. Allah ya sauke ta lafiya, amma tun daga ranar na daina kallon maganar wutar turke a matsayin sha'anin injiniyoyi kaɗai.

Shi ya sa fasahar da ta fi ba ni fata ita ce ƙaramin turke mai aiki da hasken rana. Faranta ne na sola da batiran lithiyam a gindin dogon ƙarfe guda, ba janareta, ba tankar mai, kuma yana haɗuwa da sauran duniya ta hanyar turken da ke gaba da shi ko ta tauraron ɗan'adam. Kuɗin kafa shi da na kula da shi bai kai na babban turke ba, don haka ƙauyen da a da lissafin riba ya tsallake shi yanzu yana iya shiga lissafi. Rana kuwa ba mu da ƙarancinta. Dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi wani asusu na musamman, USPF, domin kai sabis wuraren da kasuwa ba za ta kai da kanta ba, kuma ina ganin hakkin wakilanmu ne su riƙa bin sawun wannan asusu da sunayen ƙauyukansu a hannu. A watan Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari, bisa hujjar tsadar mai da faɗuwar darajar naira. Mutumin ƙauye ya biya wannan ƙari daidai da na birni, saboda haka yana da bakin tambayar abin da ya samu a madadinsa.

Ƙarƙashin duk wannan akwai wayar fayiba da ake binnewa a ƙasa, wadda ita ce jijiyar da ke ɗauke da bayanai daga turaku zuwa manyan cibiyoyi. A watan Maris na 2024 wasu wayoyin da ke kwance a ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace, intanet da harkar banki suka tsaya cak a wurare da yawa, har mu da ba mu taɓa ganin teku ba muka ji a jikinmu. A cikin ƙasa kuma, masu aikin hanya suna yawan tsinka fayiba da katafila. Gwamnatin tarayya ta sanar da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000, kuma abin da zan zuba wa ido shi ne ko za ta tsaya a Dutse ne ko za ta ratsa har Haɗejia da Gumel da Kazaure da garuruwan da ke bayansu.

Sai maganar tauraron ɗan'adam. Starlink, mai ba da intanet ta tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta samu. Taurarinsa suna shawagi a nisan kusan kilomita 550 daga ƙasa, alhali tsofaffin taurarin sadarwa suna can sama da kilomita 35,000, kuma wannan kusanci ne ya sa saƙo yake zuwa ya dawo da sauri. Kuɗin na'urar da na wata-wata sun fi ƙarfin manomi, amma makarantar sakandare ko asibitin sha-ka-tafi ko ƙungiyar 'yan kasuwa za su iya haɗa hannu su mallaki guda. Mataki na gaba, wanda aka riga aka fara a Amurka, shi ne waya ta yi magana da tauraro kai tsaye ba tare da turke ba. An fara ne da saƙon rubutu, kuma ba zai maye gurbin turke ba domin abin da yake iya ɗauka kaɗan ne, amma a dare irin wancan na maƙwabcinmu saƙo guda ya wadatar.

Inda mutanenmu suka fi sanin darajar sabis shi ne wajen kuɗi. A farkon 2023, lokacin canjin takardun naira, na je kasuwar Maigatari ranar Alhamis tare da kawuna da ya kai bijiminsa. An yi ciniki, mai saye ya ce ya tura kuɗi, amma alat bai shigo ba. Muka zauna a rumfar wani mai POS wanda ya ɗaure na'urarsa a kan gora yana ɗagawa sama ko za ta kama. Kawu ya riƙe igiyar bijimin da hannu biyu, ya dube ni ya ce, "Malam, kai da ka yi boko, yanzu kuɗin nan suna ina, suna wurinsa ko suna wurina?" Na ce masa, "Kawu, suna hanya." Sai dab da magariba saƙon ya shigo. Tun 2022 kamfanonin waya da kansu sun shiga wannan harka, MTN da MoMo, Airtel da SmartCash, kuma yawancin mutanen ƙauye da lambobin nan masu farawa da alamar * suke tura kuɗi, waɗanda suke aiki a kan ƙaramar waya mai madannai ko da babu data.

Wannan ne ya sa nake fargabar wani salo da ke tafe daga ƙasashen waje, wato kashe tsofaffin hanyoyin sadarwa domin a ba sababbi fili. Manyan kamfanonin Amurka sun kashe 3G ɗinsu a 2022. Ta fuskar injiniya akwai hikima a ciki, amma a nan ƙaramar wayar da ke aiki da 2G ita ce take kwana huɗu ba a kai ta shagon caji ba, ita ce take jure ƙura da faɗuwa a gona, ita ce kuma kuɗinta bai wuce ƙarfin mai sayar da awara ba. Kafin a taɓa 2G a ƙasar nan, wajibi ne wayar 4G ta sauko zuwa farashin da talaka zai iya, ko da ta hanyar biya kaɗan-kaɗan ne, kuma ta zama mai jin Hausa da baki, domin yawancin iyayenmu da saƙon murya suke amfani a WhatsApp, da yawa kuma ajami suka iya karantawa ba boko ba.

A watan jiya wasu mutane sanye da riguna masu ƙyalli suka zo da na'urar awo, suka gaisa da dagaci, suka auna wani fili a bayan makarantar firamare, suka kafa ƙananan turaku huɗu na katako suka tafi. Ba su faɗi ranar dawowa ba. Dagaci ya sa an kewaye wurin da ƙaya don kada dabbobi su tumɓuke alamar, kuma ya hana kowa shuka a ciki bana. Wayar mahaifiyata tana nan rataye a jikin ƙusarta.